Ranar da Alhaji Zarami Ya Ci Kifi a Bango

Duk wanda ya ce maka Bala Injiniya ya taɓa gyara wani abu a Haɗeja, ka tambaye shi ko abin yana nan da rai. Ni Ja'afar maƙwabcinsa ne, katanga ce ta raba mu, kuma injin ban-ruwana shaida ne. Ya karɓe shi yana tari, ya dawo mini da shi ko tarin ba ya yi. Da na yi magana sai ya ce wai injin ne bai saba da hannun ƙwararru ba. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Injiniyan ma ba wanda ya naɗa shi. Shi ya rubuta abinsa da fenti a bayan babur, mu kuma muka gaji da gardama muka bi shi a haka.

To, Balan nan yana son Umaima, 'yar Alhaji Zarami, shugaban ƙungiyarmu ta manoman fadama. Ita ma tana mutuwar sonsa, abin da har gobe ban gane kansa ba. Da magabatansa suka je neman izini, Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Yaron nan kullum bakinsa nake ji. Bari in ga aikin hannunsa tukuna."

Ana cikin haka sai wasu masu tallafa wa noman rani suka kawo wa ƙungiya kwamfuta irin ta kan tebur, haɗe da majigi. A fuskar kwamfutar an buɗe wa kowane ɗan ƙungiya folda, wato ma'ajiyar da za a riƙa zuba hotunan gonarsa. Dukkansu iri ɗaya, ruwan ɗorawa, an jera su reras, ga suna a ƙasa da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe. Dattawanmu kuwa yawanci ajami suka iya. Alhaji ya sa tabarau, ya leƙa, ya cire.

"Wannan ai buhunan taki ne," in ji shi. "Wa zai gane nasa?"

Kafin ya rufe baki Bala ya ratso mutane ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wannan ai aikina ne. Kowace folda zan ɗora mata fuskar mai ita. Mutum yana shigowa zai hango kansa, ba sai an karanta masa ba."

"Ana yin haka?"

"Ba kowa ke yi ba. A Kano ma mutum biyu ne suka iya, ɗayan kuma ya koma Dubai."

Na ce, "Ɗayan fa?"

"Shi ne yake kirana in abu ya cushe masa."

Alhaji ya kalle shi ya ce, "Ranar taron buɗe noman rani za a haska wa jama'a. In abin ya yi kyau, ka turo magabatanka."

Daga ranar Haɗeja ba ta ƙara hutawa ba. Aikin dai a waya ya kalli yadda ake yi, ni na kama shi a bayan masallaci yana maimaita bidiyon har caji ya ƙare. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya ƙera kwamfutar. Ya shiga bin gidaje da gonaki yana ɗaukar hotuna. Malam Baƙo ya ce shi ba za a ɗauke shi ba sai da sansa na noma, aka yi ta fama, a ƙarshe san ya fi shi fitowa. Gambo, wanda ba ya ga-maciji da Baƙo tun shekarar da san nan ya shiga masa shinkafa, da ya ji labari sai ya aro babbar riga da rawani, ya ce lallai ya fi Baƙo kwarjini.

Sai Iya Kulu. Ita ce shugabar mata masu gumin shinkafa, wato masu turara ta, ita ta haifi matar Alhaji, ita ce kuma kakar Umaima, saboda haka Bala abokin wasanta ne.

"Angona, ka ɗauke ni da kyau," in ji ta, tana gyara ɗaurin kallabi. "In na fi Umaima kyau sai ka dawo wajena."

"Iya, ai dama ke ce uwargida."

"Rufe mini baki, maƙaryaci. Ka iya abin nan kuwa, ko irin gyaran da ka yi wa rediyona ne?"

"Rediyon nan dama ajalinsa ya zo."

Wanda bai san Alhaji Zarami ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Kowa yana kunyar surukarsa, amma ta Alhaji ta wuce misali. Tun da ya auri 'yar Iya Kulu bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskarta ba, bai taɓa zama inda take zaune ba, ko ruwa bai taɓa kurɓa a gabanta ba. Akwai ranar da ta ritsa shi a kasuwa da goro a baki. Ya durƙusa, ya danne goron a kumatu, ita kuma ta ja gaisuwa har da tambayar awaki da kaji. Mutumin nan bai tauna ba, bai tofar ba, har hawaye suka zubo masa. Da wannan ake masa kirari a gari.

Hoton Alhaji a wajen fadamar garin Baturiya aka ɗauka, ranar da muka je duba inda ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa. Ya tsaya gindin bishiya, ya gyara hula, ya haɗe rai irin na shugabanni, aka ɗauka. Bayan nan masunta suka gasa mana tarwaɗa, Alhaji ya naɗe hannun riga ya zauna ya ba ta haƙƙinta. Bala kuwa bai daina danna waya ba. Da muka dawo na ga ya juye hotunan duka a foldar Alhaji.

Na ce, "Goge na cin kifin nan."

"Ja'afar, kai manomi ne. Ƙwararre ba ya zubar da hoto. Na riga na nuna wa kwamfuta wanda za ta sa a gaba, kuma ba ta tsallake maganata."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ana gobe taro na leƙa, abin ya yi kyau. Kowace folda kamar ƙofa a buɗe rabi, ga fuskar mai ita tana leƙowa. Har na fara tunanin ko na zalunci yaron nan.

Ranar taro zauren ƙungiya ya cika maƙil tun da hantsi. An rataya tabarmi a tagogi don a sami duhu, maza a gaba, mata a baya wajen ƙofa, Iya Kulu a kan kujerarta daidai bakin ƙofar. Alhaji yana can gaba, ya ba wa ɓangaren mata baya kamar yadda ya saba. Bala ya sha farar shadda mai sitaci, tana ƙara in ya motsa. Sai da ya yi jawabin da ba wanda ya sa shi, ya ce daga yau Haɗeja ta shiga sahun manyan birane, sannan ya kunna majigi.

Fuskoki suka bayyana a bango. Zaure ya kaure.

"Ga ni can."

"Kai, dubi rawanin Gambo."

"Wancan Baƙo ne ko san?"

Mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji ya gyaɗa kai, har na ga alamar murmushi a gefen bakinsa. Bala ya waiwayo ya kashe mini ido. Da a nan aka tashi, da labarin ya ƙare lafiya.

Sai Malam Baƙo ya yi gyaran murya.

"Injiniya, tambaya gare ni. Wane ne wancan a can sama, farkon sahu?"

"Abdulmannan ne."

"Abdulmannan da aka yaye shekaranjiya? To ina shugaba?"

Aka shiga nema. Can aka gano Alhaji a ƙasa, a lungu, ƙarshen kowa. Mu nan ko tabarma aka shimfiɗa an san wanda ke zama a gaba, balle bango da kowa ke kallo.

"Kwamfuta ce ta jera su da kanta, harafin farkon suna take bi," in ji Bala.

"Ita kwamfutar ba ta da manya a garinsu?"

Gambo ya miƙe. "Ni kuma wa ya ce a ajiye ni kusa da mutumin nan? Kafaɗata tana gogar ƙahon sansa. A raba mu."

Wani daga baya ya ce shi ma bai yarda matarsa ta zauna tsakanin ƙarti biyu ba, ko a bango ne. Nan fa kowa ya tuna da shekarunsa. Wannan ya ce ya girmi wancan da kaka guda, wancan ya ce ai shi ya riga shi zuwa Makka. Mata suka ce in dai girma ake bi, Iya Kulu ta haifi rabin zauren, a kai ta sama.

Bala ya ɗaga hannu. "Jama'a, ƙaramin aiki ne. Da yatsa ɗaya zan yi shi."

Ya kama linzamin kwamfutar, ya ja Iya Kulu ya kai ta sahun farko. Lafiya lau. Mata suka sake guɗa, kansa ya ƙara girma. Ya ce yanzu zai yi ba tare da ya kalli hannunsa ba. Ya cafko Gambo, ya ja shi gefe yana kallon jama'a yana murmushi, ya saki. Kwamfuta ta yi wata 'yar ƙara kamar an murƙushe takarda. Gambo ya ɓace, rawani da komai.

"Ina na tafi?" in ji Gambo.

"Kana nan, ka ɗan zaga ne."

"Na zaga ina? Mene ne wancan da ka sake ni a kai, mai kama da bokiti?"

Abdulmannan, autan ƙungiya, da yake ya yi boko kuma ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce, "Kwandon shara ne, Baba Gambo."

Malam Baƙo ya kwanta a kafaɗar na kusa da shi yana dariya har da tari. "Wallahi na janye maganata. Na'urar nan ta san mutane."

Sai da mutum uku suka riƙe Gambo. Bala, gumi ya fara jiƙa shadda, ya buɗe kwandon ya tono shi. Gambo ya dawo bango, ya sauka daidai inda yake da, kafaɗa da ƙahon sa.

"Bar su," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa. "Gama abin da kake yi mu tashi."

Saura shugaba. Bala ya goge tafin hannu a riga, ya yi bismilla, ya ɗauko Alhaji daga lungu. Duk zaure aka zuba ido ana kallon Alhaji yana tafiya a bango, ya haɗe rai, yana ratsa sahu-sahu zuwa sama. Ya wuce Baƙo, ya wuce Gambo. Ya iso sahun farko, yana daf da wuce Iya Kulu, sai ita Iyar ta ɗaga murya daga bakin ƙofa.

"Angona, a hankali dai, kada ka zubar mana da shi a shara."

Bala ya waiwaya zai ba ta amsa, yatsansa ya ɗaga. Alhaji ya ɓace.

Ba a ji ƙarar takarda ba. Aka duba kwando, wayam. Aka duba lungu, babu.

"Ina shugaba?"

"Yana zuwa," in ji Bala. "Manyan folda sukan ɗan yi nauyi."

Sai foldar Iya Kulu ta ƙifta ta sauya. Ashe a kanta ya sake shi, ya faɗa ciki. Da ya faɗa kuwa, kwamfutar ta manta da hoton gindin bishiya, ta zaɓo wanda ta ga dama. Ga Iya a gaba da kallabinta tana murmushi. Ga Alhaji Zarami yana leƙowa ta bayan kafaɗarta, hula ta karkace, ido a lumshe, baki a wangame, kan tarwaɗa ya shige rabi, mai yana bin gemu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan injin wuta a waje sai da ya zama kamar a kunnena yake.

"Mene ne wancan a bayana?" in ji Iya Kulu. "Idona ba ya gani sosai. Ku ƙara masa girma."

"A'a, Iya, ba komai ba ne," in ji Bala, yana murza linzami da hannu biyu, ɗaya hannun ya danne wani maɓalli bai sani ba. Hoton ya kumbura. Ya sake murzawa, ya sake kumbura, har bakin Alhaji ya kai girman tagar zauren. Ana iya ƙirga gashin bakin tarwaɗar.

Iya ta dafa sanda ta miƙe, ta ƙare masa kallo.

"Ikon Allah. Ashe yana ci." Ta juya wajen mata. "Tun da na ba shi 'yata nake cewa bawan Allahn nan da iska yake rayuwa. Kun ga loma kuwa? Tubarkalla. Yau hankalina ya kwanta."

Wata ta fara ƙyalƙyalewa a cikin mayafi, shi ke nan aka ɓalle. Maza suna cusa hula a baki, wasu sun sunkuya kamar masu neman allura. Ni kaina na ciji hannun rigata har sai da ya yage. Baƙo da Gambo, da ba su gaisa ba tun shekarar sa, sai ga su sun riƙe juna suna hawaye.

Alhaji bai motsa ba. Ya dai ja hularsa a hankali har ta rufe masa ido.

"Yanzu zan gyara, ranka ya daɗe. Abu ne na daƙiƙa."

Bala ya shiga buɗe wasu akwatuna a allon yana danna duk abin da ya gani. Ya zaɓi wannan, ya amince da wancan, kwamfuta ta tambaye shi wani abu da Turanci, ya ce mata e. Allon ya yi fari, ya dawo. Fuskokin jama'a duka sun tafi. Kowace folda, daga sama har ƙasa, Alhaji ne da kan tarwaɗa a baki. Sahu-sahu, bango guda, shugaba yana ta cin kifi.

"To, yanzu kam an yi adalci," in ji Baƙo yana share ido. "Ba babba ba yaro."

Bala ya daka tsalle ya fizge wata wayar wuta daga bango. Fanka ta tsaya, majigi yana nan daram. Ya fizge wata, lasifika ta mutu. Da ya rasa dabara sai ya ruga ya tsaya a gaban hasken ya baza hannuwa don ya tare. Farar shadda kuwa ta fi bangon kyau. Alhaji ya fito tar a kan cikin Bala, kuma da yake Bala haki yake yi, sai bakin ya riƙa motsi kamar da gaske tauna yake.

Iya Kulu ta ce, "A kawo masa ruwa, kada ƙaya ta maƙale masa."

Nan Alhaji ya miƙe. Ƙofa ɗaya ce a zauren, Iya kuma tana tsaye a bakinta. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya tattare babbar riga, ya ɗaga tabarmar taga. Dattijo mai jikoki, shugaban manoman fadama, ta taga ya fita, ya bar takalmansa. Muna jin saukarsa a kan buhunan ƙaiƙayi.

Taron buɗe noman rani ke nan na bana.

Bala ya kulle kansa a ɗaki. Ta katanga nake jin waya tana ta ƙara ba ya ɗauka, sai da na zaga na same shi. Ya rame, shaddar tana yashe a ƙasa. Umaima ta turo masa saƙon murya, ya kunna mini: "Kai da ka ce da yatsa ɗaya za ka yi. Baba ko masallacin unguwa ya daina zuwa, sai na bakin kasuwa. Ka kashe mu, Bala." Tana faɗa tana kuka, amma can a bayanta ana jin Iya Kulu tana ba wa wasu labari. Bala ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka sosai. Duk haushin injina, wallahi ya ba ni tausayi.

Gari kuwa ba a bar Alhaji ya huta ba. Ba mai iya faɗa masa a ido, amma masu kifi suna hango shi sai su fara gyara tire. Iya Kulu kuma ta aika masa da bandar tarwaɗa cikin kwando, wai a gaishe shi da ƙoƙari.

Da abin ya ɗan lafa, sai Alhaji ya aika a kira kawun Bala, ya ce in zo in zama shaida. Muka tafi, kawun yana ta haɗa kalmomin ban-haƙuri a hanya. Muka tarar da shi a zaure, fuska ba annuri.

"Na yi tunani a kan yaron nan," in ji shi. "In na hana shi, yana nan a ƙungiya. Duk taro zai zo ya zauna a gabana. Zai tare ni a kasuwa ya ba ni haƙuri, ya tare ni a gona ya sake ba ni. Wata rana zai ce zai gyara mini wani abu."

Kawun ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"In kuwa na ba shi, ya zama surukina. Ba zai ƙara zama inda nake zaune ba. Ba zai ɗaga ido ya kalle ni ba. Ba zai buɗe baki a gabana ba sai gaisuwa. In ya hango ni a hanya, shi zai kauce." Ya yi ajiyar zuciya. "Na duba duk hanyoyin da zan rabu da yaron nan, ban ga wadda ta kai wannan ba. Ku turo a sa rana."

Aka ɗaura aure bayan girbin alkama. Bala yana nan yana gaya wa mutane a teburin mai shayi cewa dama tsarinsa ke nan tun farko, sai mai zurfin ilimin kwamfuta zai gane.

Kwanan baya ina gona na hango shi a kan siririyar hanyar da ta ratsa fadama, ruwa dama da hagu, ya sha sabon ɗinki zai je suna. Sai ga Alhaji ya ɓullo daga ɗaya ƙarshen. Bala ya tsaya, ya waiga, ba wajen kaucewa. Ya cire takalma ya ɗora a ka, ya zurma cikin shinkafa har ƙugu, ya sunkuyar da kai.

"Barka da yamma, Baba."

Alhaji ya amsa bai ko kalle shi ba, ya wuce a hankali, hannu a baya. Da ya zo daidai inda nake, na ji yana cewa, "Alhamdulillahi."